Darasi na Bakwai: Motsa Jiki, Barci da Kumburin Amosanin Gaɓɓai

Amosanin gaɓɓai iri-iri ne. Wanda ake magana a kansa a wannan darasi shi ne wanda likitoci ke kira rumatoyid. Ba tsufa ke kawo shi ba. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana faɗa da tantanin da ya lulluɓe gaɓɓai. Ya fi kama yatsun hannu, wuyan hannu da yatsun ƙafa, yawanci dama da hagu lokaci guda, kuma mata sun fi maza kamuwa da shi ninki biyu zuwa uku.

Mai wannan ciwo ya san safiya. Zai farka yatsu sun sage, ya kasa dunƙule hannu, maɓallin riga ma ya gagare shi. Sagewar kan wuce minti 30, sau da yawa ta haura awa guda. Akwai dalili. Wani sinadari mai hura kumburi da ake kira IL-6 yana ƙaruwa cikin jini da dare, ya kai ƙololuwa wajen asuba. Shi kuma kotizol, sinadarin da jiki ke kwantar da kumburi da shi, ƙasa yake yi a tsakiyar dare, sai gari ya kusa wayewa yake tashi. A jikin mai amosani, kotizol ɗin ba ya isa ya danne wutar da ta kwana tana ci. Shi ya sa gaɓɓai ke sakewa sannu a hankali idan hantsi ya yi.

Gwajin jini biyu aka fi auna kumburi da su. CRP wani sinadari ne da hanta ke yi idan IL-6 ya zuga ta, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yake hawa ko sauka. ESR kuwa ana zuba jini ne a siririyar kwalba, a duba milimita nawa jajayen ƙwayoyin jini suka kwanta cikin awa ɗaya. Shi ba ya saurin canzawa. A kula: mura, ciwon haƙori ko wani miki na iya ɗaga CRP, ƙarancin jini da juna biyu kuma na ɗaga ESR. Aikin ƙarfi mai tsanani ana gobe gwaji shi ma yana iya ɗaga CRP. Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a faɗa wa likita kafin ya karanta sakamako.

Mutane da yawa na tsoron motsi, wai kada gaɓa ta lalace. Zama ne ya fi cutarwa. Tsokar da ba ta aiki ramewa take yi, gaɓa ta rasa mai tallafe ta, kitsen ciki kuma ya taru, alhali shi kansa kitsen yana fitar da sinadaran kumburi. Motsa jiki daidai gwargwado ba ya tayar da ciwon. Yana rage gajiya da zafi, yana kare zuciya, kuma a wasu yakan sauke CRP kaɗan bayan makonni. Kaɗan muka ce, don kada wani ya ajiye maganinsa. Motsa jiki ba ya maye gurbin magani irin su methotrexate, wanda sau ɗaya tak ake sha a mako.

Da safe ba a fara da ƙarfi. Tun kana kwance, buɗe yatsu ka rufe sau 10, juya wuyan hannu da idon sawu sau 10. Sannan ka tsoma hannu cikin ruwa mai ɗumi na minti 10, ka taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa. Tafiya da sauran aiki mai nauyi a bar su sai gaɓɓai sun sake, da hantsi ko da yamma.

Abin da ake so a kai shi ne minti 150 a mako, wato minti 30 a kwana biyar, da saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, yana ƙara minti biyar duk mako. Kwana biyu a mako a ƙarfafa tsoka: tashi daga kujera ka zauna sau 8 zuwa 12, ka huta, ka maimaita.

Idan zafi ya ƙaru kuma bai lafa ba bayan awa biyu da gama motsi, an wuce gona da iri, gobe sai a rage. Ranar da gaɓa ta kumbura ta yi zafi, kada a ɗora mata nauyi. A lanƙwasa ta a miƙe a hankali, a ɗora sanyi na minti 15 da ƙyalle a tsakani. Kada a murɗa wuya da ƙarfi, domin ciwon na iya sassauta gaɓar saman wuya.

Barci kuma a tsayar masa da lokaci ɗaya, awa bakwai zuwa tara, domin barcin da ake yankewa yana ƙara zafi washegari.

Aikin gida: har mako biyu, kullum ka rubuta ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa ka tashi, minti nawa gaɓɓanka suka yi kafin su sake, da minti nawa ka yi tafiya. Ka tafi da takardar ranar ganin likita.