Babi na Bakwai: Idan Imel Ya Maƙale Ya Ƙi Tafiya

Darasi na 1: A nemo inda saƙon ya tsaya

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya ɗauko wayarsa ya riƙe a hannu. Duk matakin da aka karanta, sai a yi shi da yatsa kafin a wuce gaba. Mai Tecno da mai Itel da mai Infinix hanya ɗaya za su bi, illa dai sunan wani wuri kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Manhajar da za mu yi aiki da ita ita ce Gmail, mai alamar harafin M da aka yi wa launin ja da shuɗi da kore da rawaya.

Ku buɗe ta. A sama, ta hannun hagu, akwai layuka uku gajeru a jere, ɗaya bisa ɗaya. Ku taɓa su. Jerin sunaye zai fito. Uku kawai muke nema a cikinsu, kuma ku kwafe su a littafinku yadda suke a rubuce. Drafts shi ne inda saƙon da ba a gama rubutawa ba yake zama. Outbox shi ne inda saƙon da aka danna masa aikawa yake jira. Sent shi ne inda saƙon da ya riga ya tafi yake komawa.

Outbox kamar tasha yake. Fasinja ya biya kuɗi, ya shiga motar Kumo ya zauna, amma motar ba ta tashi ba. Yana nan cikin Gombe tukuna. Haka saƙonku: muddin yana cikin Outbox, wanda kuka aika wa bai ga komai ba. Sau da yawa za ku ga an rubuta Queued a jikinsa, wato yana kan layi.

Kada ranku ya ɓaci. Saƙon bai ɓace ba, wayar ma ba ta lalace ba. Abu ɗaya nake roƙo tun yanzu: kada a sake rubuta saƙon a sake dannawa. Wanda ya danna sau biyar, lokacin da hanya ta buɗe duka biyar ɗin za su tafi, ofishin da ake neman aiki a wurinsu su ga takarda guda sau biyar.

Darasi na 2: Akwai data kuwa?

A nan mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Idan aka tambaya ko akwai data, amsar da ake bayarwa ita ce, "Ai Malam yanzu na yi WhatsApp." Wannan ba shaida ba ce. Kamfanonin waya suna sayar da wata data mai araha wadda WhatsApp ko Facebook kaɗai take buɗewa. Mai irin wannan data zai yini yana hira da 'yan'uwa, amma imel ɗinsa ko motsi ba zai yi ba. Imel sai da data ta gama-gari, wadda take buɗe ko'ina a intanet.

Ga gwajin. Ku fita daga Gmail. Ku buɗe Chrome, alamar nan zagayayya mai ɗigon shuɗi a tsakiya. A wurin rubutu na sama, ku rubuta wata kalma da ba ku taɓa nema ba, misali Dadin Kowa ko Kaltungo, sannan ku danna nema. Idan sakamako ya fito, akwai hanya. Idan shafin ya tsaya fari, ko aka nuna babu intanet, to mun gano matsalar, kuma ba daga Gmail take ba.

Me ya sa sai sabuwar kalma? Saboda waya tana ajiye shafin da aka taɓa buɗewa, tana iya nuno shi ko babu data, sai mutum ya zaci komai lafiya. Sabuwar kalma. A Chrome. Ba a WhatsApp ba.

Idan bai buɗe ba, ku je wurin buga lamba ku danna *323# ku kira, za a nuna muku ragowar datarku. Ku karanta a hankali, ko ku ba na kusa da ku ya taya ku: wace iri ce ta rage, kuma yaushe wa'adinta zai ƙare? Data tana iya ƙarewa ta hanya biyu, ko a cinye ta, ko kwanakinta su cika alhali da saura. Sayen sabuwa kuwa da *312# ake yi. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta daidaita waɗannan lambobi, don haka mai MTN da mai Airtel da mai Glo duk su za su danna. Da kun saya, ku koma Chrome ku sake gwadawa.

Sai maganar layi biyu. Yawancin wayoyinmu sim biyu suke ɗauka. Mutum zai sa data a layi na ɗaya, wayar kuma an saita ta tana jan intanet daga layi na biyu wanda babu komai a ciki. Ku shiga Settings, mai alamar ƙafar inji mai haƙora, ku nemi wurin sim, ku duba wane layi aka zaɓa wa data. Ku mayar da shi kan layin da kuka saya wa. Daga nan me za a yi? A koma Chrome, a rubuta sabuwar kalma.

Ku kuma ɗaga ido ku dubi saman waya, kusa da sandunan sabis. Idan akwai hoton jirgin sama, an rufe sadarwa gaba ɗaya, ku jawo allon daga sama zuwa ƙasa ku taɓa jirgin ya mutu. Yara masu wasa da waya su suka fi kunna shi. Idan babu jirgi, ku duba ƙaramin rubutun da ke gefen sandunan. 4G yana da kyau, H+ ma zai yi. Harafin E kuwa sabis ne mai rauni ƙwarai, gajeren saƙo na iya lallaɓawa ya wuce amma mai hoto da wuya. Wanda yake ƙauye ko cikin ɗaki mai kaurin gini ya fito fili. Wani lokaci kunna jirgin da gangan, a ƙirga goma, a kashe shi, yakan sa waya ta kamo sabis mai ƙarfi.

Kada a ji kunya idan sai an maimaita. Kowa haka ya fara. A sake yi tare: fita daga Gmail, buɗe Chrome, sabuwar kalma, nema. Ya buɗe? Madalla. Yanzu ne kawai za a koma Gmail, a taɓa layuka uku, a shiga Outbox, a ɗora yatsa a tsakiyar allo a ja ƙasa a saki. Wani ɗan zobe zai juya. Ku jira minti ɗaya ko biyu, sannan ku leƙa Sent. Idan saƙon yana can, ya tafi.

Darasi na 3: Kayan da aka ɗora wa saƙo

Idan Chrome yana buɗewa, an ja Outbox ƙasa, saƙon kuma yana nan daram, sai a dubi abin da aka liƙa masa. Amma fa sai Chrome ya buɗe. Na san akwai masu tsallako darasi na 2 su faɗo nan kai tsaye don suna ganin sun sani. Haba jama'a! Ku koma ku yi gwajin. Ba zai ci muku minti ɗaya ba, kuma duk abin da ke gaba aikin banza ne idan babu data.

Nauyin fayil da MB ake auna shi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25 a saƙo guda, kuma jimillar duk abin da aka liƙa ake lissafawa, ba kowanne shi kaɗai ba. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai MB 2 zuwa 5. To wanda ya ɗauki takardar firamare, da ta sakandare, da ta haihuwa, da ta asalin ƙaramar hukuma, da katin ɗan ƙasa gaba da baya, ya haɗa da fasfo, ya ga yadda lissafin yake tafiya. Ko bai kai iyaka ba, sabis mai rauni yakan yanke kafin kayan su gama hawa, sai wayar ta yi ta farowa daga farko tana cin data.

Maganinsa a raba. Ku buɗe saƙon da ya maƙale ku kwafe adireshin da abin da kuka rubuta a takarda. Ku koma Outbox, ku danna saƙon ku riƙe har ya yi alama, ku taɓa kwandon shara. Wannan gogewa tana da amfani, domin saƙo mai nauyi yakan tare waɗanda ke bayansa. Sannan ku rubuta sabo da hotuna biyu ko uku, ragowar su bi a saƙo na biyu. Idan an ce lallai fayil ɗaya ake so, masu shagon kwamfuta a Tudun Wada ko Pantami ko duk unguwar da kuke za su haɗa muku takardun a fayil ɗaya mara nauyi, irin wanda ake kira PDF. Bidiyo kuwa kada ma a fara liƙa shi haka. A ɗora shi a Google Drive, wato ma'ajin fayil na Google a intanet, a aika mahaɗinsa, wato link.

Akwai kuma cikar ma'aji. Google yana ba kowane asusu GB 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos ne suke rabawa. Idan hotunan biki da na suna sun cinye wurin, imel ba zai fita ba, sabo ma ba zai shigo ba. Gmail yakan rubuta gargaɗi a sama idan haka ta faru. A goge manyan bidiyo, a kuma zubar da kwandon shara, don abin da ke cikin kwandon ma ana ƙirga shi.

Darasi na 4: Saitin waya

A cikin Gmail, layuka uku, sai Settings a can ƙasa, sai ku taɓa adireshinku. Ku gangara har ku ga Sync Gmail. Akwatin gefensa ya zama da alama. Idan babu, ku sa.

A Settings na wayar kuma, ku kashe Data Saver da Battery Saver na ɗan lokaci. Su biyun suna iya hana manhaja aiki da zarar an fita daga cikinta, shi ya sa saƙo yakan tsaya idan aka danna aikawa aka jefa waya aljihu nan take. Ku duba kwanan wata da agogo su ma. Wayar da agogonta ya kauce sosai ba ta iya gaisawa da na'urorin Google, a sa shi ya riƙa saita kansa.

In duk an yi bai tafi ba, Settings, Apps, Gmail, Storage, a taɓa Clear cache. Ku dubi rubutun da kyau. Kusa da shi akwai Clear data, wata wayar ta rubuta Clear storage. Kada a taɓa wannan, yana iya share saƙon da bai tafi ba. An sha faɗa, ana kuma ci gaba da taɓawa. Bayan haka a kashe waya a kunna. Kun gwada Chrome kuwa?

Darasi na 5: Kalmar sirri da adireshi

Wanda ya canja kalmar sirrinsa a shagon kwamfuta, wayarsa za ta nemi sabuwar, kuma ba za ta aika komai ba sai an sa mata. Ku sa da hannunku, kada ku karanta wa kowa.

Adireshin da aka rubuta ba daidai ba yawanci ba ya maƙalewa a Outbox. Fita yake yi, sai wani saƙo ya dawo daga Mail Delivery Subsystem cewa ba a sami mai shi ba. A duba harafi-harafi, babu tazara a cikin adireshi, kuma @ guda ɗaya ce.

Darasi na 6: Masu kwamfuta

Mai amfani da Outlook, wato manhajar imel ta kwamfuta, a ofis ya duba ƙasan allo. Idan an rubuta Working Offline, ya shiga Send/Receive ya taɓa Work Offline ya kashe shi, sannan ya danna F9. In ya ƙi, a kira mai kula da kwamfutocin ofis.

Aikin gida: kowa ya aika wa kansa imel mai hoto ɗaya, ya nemo shi a Sent, ya zo da wayar ajin gaba a caje.