Idan an nuna maka ƙofar cocin Presbyterian a Amurka

Ɗan'uwa, ko a Bronx ka sauka ko a Greensboro, ba za ka yi wata biyu ba sai wani ya ce maka, "Leƙa cocin nan na bakin titi, suna taimakon baƙi." Yawancinmu a nan muke cijewa. Kai musulmi ne, me zai kai ka coci? Ni ma na yi wannan noƙewar, sai da sanyin Janairu da rashin Turanci suka cire min kunya. Na shiga ajin yamma a ɗakin ƙasa na wani coci, kuma har na gama babu wanda ya yi min zancen addini, in ban da wata dattijuwa da ta zo tana tambaya ko miyar da ta dafa ta halatta gare ni.

Mutanenmu na zango a Gana sun san sunan Presbyterian, tunda makarantun Presby sun cika ƙasar. A Amurka ɗarikar Presbyterian da ta fi girma ita ce PC(USA), wadda aka kafa a 1983, hedkwatarta tana Louisville a jihar Kentucky. Duba allon ƙofa da kyau, domin akwai wata mai suna PCA, kuma kowacce da shugabancinta da ra'ayinta. A 2004 babban taron PC(USA) ya amince a buɗe ofishi na musamman kan al'amuran shige da fice. Aikinsa shi ne wayar da kan coci-coci game da doka, da shirya musu takardun bayani, da ba su shawara kan bizar ma'aikatan addini, wato R-1. Suna kuma da ofishi a Washington mai kai koke gaban 'yan majalisa. To amma waɗannan ofisoshi coci-coci suke yi wa aiki. Kada ka ɗauka za ka buga waya Louisville a turo maka lauya.

Abin da zai amfane ka yana unguwa. A tsarinsu, majalisar dattawan kowane coci ce ke yanke abin da za a yi, shi ya sa za ka ga wannan yana da ajin Turanci da rumbun abinci da masu raka mutum kotu, na gaba da shi kuma babu ko ɗaya. In ka ƙwanƙwasa ba ka samu ba, ka tambayi na kusa. Wasu suna haɗa hannu da Church World Service, ƙungiyar da aka kafa a 1946, wadda ta daɗe tana tsugunar da 'yan gudun hijira, ko da yake dakatar da shirin da gwamnati ta yi a Janairun 2025 ya rage mata ƙarfi sosai.

Za ka ji ana cewa in ka shiga coci ba mai iya kama ka. Maganar tana da asali. A watan Maris na 1982, cocin Southside Presbyterian da ke Tucson a jihar Arizona, ƙarƙashin Fasto John Fife, ya fito fili ya ce zai ba masu tserewa yaƙin El Salvador da Guatemala mafaka. Gwamnati ta maka shi a kotu tare da wasu, aka same shi da wasu daga cikinsu da laifi a 1986. Ka ga ke nan tun a wancan lokacin ba doka ce ta ba su kariya ba, ƙarfin hali ne kawai. Daga 2011 akwai umarnin da ya hana jami'an ICE, wato hukumar da ke kama masu karya dokar shige da fice, yawan kame a wuraren ibada da makarantu da asibitoci, sai aka soke shi a Janairun 2025. PC(USA) na cikin ƙungiyoyin addini fiye da 20 da suka kai ƙara a watan da ya biyo baya. Don haka kar ka jingina da bangon coci, haka ma na masallaci.

Babban alherin da za su yi maka, a ganina, shi ne su haɗa ka da wanda ya san doka da gaske. Mutum biyu kaɗai aka yarda su ba ka shawarar shige da fice: lauya mai lasisi, ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta tantance yana aiki a ƙungiyar da aka amince da ita. Mai shagon cike fom ba ya cikinsu, ko da kuwa ɗan garinku ne kuma tare kuke sallar Juma'a. Na ga wanda irin wannan ya rubuta wa labarin ƙarya a takardar neman mafaka, da aka zo gaban alƙali ya kasa maimaita abin da aka ce ya same shi. Kuɗin ya tafi, shari'ar ta lalace. Kuma a kotun shige da fice gwamnati ba ta ba ka lauya kyauta, kai za ka nemo.

Kafin ka samu lauyan, riƙe waɗannan. Mai neman mafaka yana da shekara 1 daga ranar shigowa ya miƙa fom ɗin I-589. In ka sauya gida, kwana 10 kake da su ka sanar da hukumar shige da fice ta fom ɗin AR-11, in kuma kana da shari'a, kotu ma sai ka sanar da ita daban. Wasiƙar kotu in ta je tsohon adireshi ba ka halarta ba, alƙali na iya yanke hukuncin kora a bayan idonka. Idan jami'ai suka zo gida, ba dole ne ka buɗe ba sai da sammacin da alƙali ya sa wa hannu, kuma kana da ikon yin shiru. Coci-coci da dama suna raba wani ɗan jan kati mai ɗauke da wannan bayanin. Karɓi biyu, ka ba uwargida ɗaya.

Ranar Lahadi da safe ba lokacin zuwa ba ne, suna cikin ibada. Je a tsakiyar mako ka nemi sakatariyar ofis, ita ta san ranar da lauyoyin sa-kai ke zama. Tafi da kwafin takardunka, ka bar na asali a gida, ka kuma haddace lambar da hukumar shige da fice ta ba ka, mai farawa da A, don ita za a fara tambayarka.