Tafiya Tsakanin Ƙasashe ta Jirgin Ƙasa da Jirgin Ruwa: Shawara ga Sababbin Zuwa Turai Daga Legas

A 'yan shekarun nan matasa da dama daga unguwanninmu na Legas, kama daga Agege da Idi-Araba har zuwa Obalende da Alaba Rago, sun samu gurbin karatu ko aiki a Birtaniya da sauran ƙasashen Turai, kuma da zarar mutum ya zauna ya fara gane gari, sai sha'awar kai wa ɗan uwa ziyara a wata ƙasa ko ganin wuraren tarihi ta taso masa. Yawancinmu jirgin sama kaɗai ke faɗo mana a rai idan aka ambaci tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, alhali a can layin dogo da jiragen fito sun haɗe ƙasashen ta yadda mutum zai iya tashi daga Landan ya sauka a Maroko ba tare da ya leƙa filin jirgin sama ba. Wannan shawara ta masu cikakkun takardu ce, kuma babu abin da ya haɗa ta da kwale-kwalen robar da ke cinye 'ya'yanmu tsakanin Libiya da Italiya.

Zangon farko daga Legas dai babu makawa sai ta sama. A zamanin kakanninmu jirgin ruwan Aureol na kamfanin Elder Dempster yakan kwashi fasinja daga Apapa ya kai su Ingila cikin kimanin mako biyu, amma tun 1974 ya daina wannan jigila. Wanda ya taɓa shiga jirgin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, ya riga ya san cewa jirgin da zai tashi daga tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta ba ya jiran cika kamar motar Mile 12, kuma wannan sanin zai amfane shi. Abin da jirgin Ibadan bai koya masa ba shi ne maganar kan iyaka.

Jirgin sama yakan tsallake ƙasashen da ke tsakani ya dire inda aka nufa, amma jirgin ƙasa sai ya ratsa kowace ɗaya, kuma kowace ƙasa da aka taka tana da haƙƙin tambayar izinin shiga. Saboda haka mai riƙe da koren fasfo ya fara shirinsa daga biza, tikiti ya biyo baya. Izinin zama a Birtaniya ba ya buɗe ƙofar Faransa, domin Birtaniya ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashe 29 da suka ɗage shingayen da ke tsakaninsu. Bizar Shengen ta ɗan gajeren zama tana ba da damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ana buƙatar inshorar lafiya da ba ta gaza yuro 30,000 ba, kuma dole fasfo ya zama yana da sauran wata uku aƙalla bayan ranar da za a bar yankin. Ana neman ta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi yawan kwana a cikinta, in kuwa kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za a fara shiga. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, kuma ya kamata a yi hakan da wuri, domin samun ranar ganawa kan yi wuya idan hutun bazara ya gabato. Tunda ofishin zai nemi shaidar hanyar da za a bi, tikitin da ake iya mayarwa a karɓi kuɗi shi ya dace a saya a wannan mataki, ko da ya ɗan ɗara tsada.

Akwai kuskure guda biyu da sababbin zuwa suka fi faɗawa. Na farko ya shafi ƙasar Ailan. Mutum zai ga cewa daga Landan akwai jirgin ƙasa zuwa Holyhead a yankin Wales, daga nan jirgin ruwa ya kai shi Dablin cikin awa uku da 'yan mintuna, har ma akwai tikiti guda mai rangwame da ya haɗa biyun, sai ya ɗauka tafiyar cikin gida ce. Ba haka ba ne: 'yancin zirga-zirgar da ke tsakanin ƙasashen biyu na 'yan asalinsu ne, ɗan Najeriya sai da bizar Ailan, ko da kuwa ta Belfast, birnin Ailan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, ya biyo a mota, kuma bizar Shengen ba ta aiki a can. Na biyu ya shafi yawan shiga. Wanda zai ratsa Faransa da Sifaniya ya tsallaka Maroko, sannan ya dawo ta hanyar da ya bi, sau biyu zai shiga Shengen, don haka bizar shiga ɗaya ta ƙare tun ranar da jirgin ruwa ya bar gaɓar Sifaniya. Sai a duba tambarin da kyau ranar da aka karɓo fasfo, a tabbatar an ba da shiga biyu ko shiga da yawa, sannan a tanadi bizar Maroko daban. Wanda kuma yake zaune a Jamus ko Holan da katin zama, yana iya yawo cikin sauran ƙasashen Shengen ba tare da sabuwar biza ba, amma kada ya bar fasfo da katin a gida, domin Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na tudu a watan Satumban 2024, kuma 'yan sanda sukan shiga tarago su nemi takardu.

Idan takardu sun kammala sai a koma kan hanya. Jirgin Eurostar yana tashi daga tashar St Pancras a Landan, ya bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku aka buɗe a 1994, mai tsawon kilomita 50, ya isa Gare du Nord a Faris cikin awa biyu da kwata ko sama kaɗan. A cikin tashar Landan ake gama komai kafin a hau: a ɗora jaka a kan na'urar bincike, a wuce gaban jami'an Birtaniya, a taka 'yan taku sai ga 'yan sandan Faransa a cikin rumfarsu suna jiran fasfo, ga kuma sabon tsarin ɗaukar hoton yatsu da na fuska da aka fara a iyakokin Shengen a watan Oktoban 2025. Ana rufe ƙofar shiga rabin awa kafin tashi, don haka isa tashar da saura awa ɗaya da rabi ba zaƙewa ba ce ga mai biza, wanda bincikensa ya fi na Bature ɗaukar lokaci. Mazaunin Birtaniya ya tabbatar tun yana gida cewa bizarsa ta intanet, wadda ta maye gurbin katin zama, tana haɗe da fasfon da ke hannunsa, musamman idan ya sabunta fasfo.

Inda irin wannan tafiya ta fi lalacewa shi ne mahaɗa, wato tsakanin sauka daga wani jirgi da hawa wani. Faris tana da manyan tashoshi da yawa, kuma jirgin Barsalona daga Gare de Lyon yake tashi, wadda sai an shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na RER D an wuce zango biyu kafin a isa. A taswira tazarar ba ta da yawa, amma ga baƙon da ba ya jin Faransanci, yana jan akwati biyu yana neman injin sayar da tikiti, awa biyu ita ce mafi ƙarancin ratar da nake ba da shawara. Tashar Burasal, babban birnin Beljiyam, da Eurostar ke tsayawa kuwa suna biyu gare ta, Midi da Zuid, kuma tasha ɗaya ce. Jiragen TGV masu gudu na Faransa sukan zo biyu a haɗe babu hanyar ratsawa daga ɗaya zuwa ɗaya, saboda haka a duba lambar tarago tun a ƙasa, a kuma sani cewa ana hana hawa idan ya rage minti biyu. Dokar Tarayyar Turai ta tanadi a mayar wa fasinja kashi 25 cikin 100 na kuɗinsa idan jinkiri ya kai awa ɗaya, da kashi 50 idan ya kai awa biyu, amma wanda ya sayi tikitinsa guntu-guntu daga kamfanoni daban-daban ba shi da tabbacin cewa na gaba zai ɗauke shi kyauta idan na baya ya makarar da shi. Wasu kamfanonin sun yi yarjejeniyar saka irin wannan fasinja a jirgi mai biyowa, sai dai sukan nemi shaidar jinkirin, don haka a roƙi ma'aikacin jirgi ya rubuta ko ya buga hatimi kafin a sauka. Jirgin ƙarshe na yini kuwa kada a taɓa jingina tafiya a kansa. Sannu-sannu kwana nesa, kuma kuɗin kwana ɗaya a Barsalona ko Madrid ya fi sauƙi a kan sabon tikitin da aka saya cikin ruɗewa.

Batun kuɗi, gaskiya ita ce sau da yawa jirgin sama mai araha ya fi wannan hanya sauƙi, sai dai idan an lissafa kuɗin kaya da na zuwa filin jirgi tazarar takan ragu. Farashi yana hawa ne gwargwadon cikar kujeru, kuma ana fara sayarwa watanni kafin ranar tafiya. Akwai tikitin bai-ɗaya na Interrail ga mazauna Turai, ciki har da baƙo mai izinin zama, da na Eurail ga wanda ya zo daga Legas ziyara, amma a Faransa da Sifaniya da Eurostar sai an biya kuɗin kama kujera daban.

Ga wanda ya nufi Holan ko arewacin Jamus, jirgin ruwan dare daga garin Harwich da ke gaɓar Ingila ya cancanci a duba shi. Daga tashar Liverpool Street a Landan jirgin ƙasa zai sauke mutum a cikin tashar ruwan kanta, ya karɓi katin da shi ne mabuɗin ɗakinsa, ya samu gado da banɗaki da wurin wanka, jirgi ya tashi wajen ƙarfe 11 na dare, gari ya waye masa a Hoek van Holland, inda jirgin cikin gari zai kai shi Rotadam cikin kimanin rabin awa. Kama ɗaki wajibi ne a tafiyar dare, kuma ga mai iyali ko mace mai tafiya ita kaɗai wannan sutura ce babba. Ba kowane jirgin fito ne ke ɗaukar mai tafiya a ƙasa ba, wasu sai masu mota, don haka a tabbatar kafin a biya. Mai saurin jin jiri ya sha maganinsa kafin a tashi, ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, sannan kowa ya kashe datar wayarsa da zarar an bar gaɓa, domin layin da waya ke kamawa a tsakiyar teku na tauraron ɗan Adam ne mai tsananin tsada.

Eurostar ba ya auna nauyin kaya, yana barin manyan jakunkuna biyu da ƙarama ɗaya, amma mai kaya shi ne ɗan dakon kansa a kowace matattakala. Guzuri ma yana da doka: an hana shigar da nama da kayan madara daga Birtaniya zuwa Tarayyar Turai, kuma a watan Afrilun 2025 Birtaniya ta kafa irin wannan hani kan masu shigowa daga can, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanun da aka kawo daga gida su yi zamansu a ɗaki. Dabino da gyaɗa da burodi sun wadatar. Tsabar kuɗi idan ta kai yuro 10,000, ko fam 10,000 a ɓangaren Birtaniya, dole a bayyana wa kwastan.

Salla ba ta gagara a wannan tafiya. Nisan ya wuce ƙa'idar ƙasaru, kuma malamai sun yi bayanin haɗa Azahar da La'asar ko Magariba da Lisha ga matafiyi, sai mutum ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Banɗakin jirgin ƙasa ƙarami ne kuma ruwansa ba na sha ba ne, don haka ya fi kyau a yi alwala a tasha, a riƙe 'yar gorar ruwa da sallaya mai naɗewa.

Daga Faris zuwa Barsalona kusan awa bakwai ne, daga nan zuwa Madrid awa biyu da rabi zuwa uku, kuma a Sifaniya ana saka jaka a na'ura kafin hawa jirgi mai gudu. Layin da ya gangara kudu zuwa Algeciras yana bi ta Ƙurɗuba, mahaifar Imam Ƙurɗubi mai tafsiri, kuma a ganina duk wanda ya wuce bai sauka ya ga babban masallacin da aka fara ginawa a ƙarni na 8 ba ya yi asarar rabin tafiyar, ko da yake yanzu coci ne kuma ba a barin salla a ciki. Daga Algeciras jirgin ruwa yana kai wa tashar Tanger Med ta Maroko cikin kimanin awa ɗaya da rabi, sai dai wannan tasha tana da nisan sama da kilomita 40 daga birnin Tanja, alhali wanda ke tashi daga garin Tarifa na Sifaniya yana shiga tsakiyar birnin cikin awa ɗaya, in iskar gabas ba ta tsananta ta hana shi tashi ba. Jami'an Maroko sukan buga tambarin shiga tun a cikin jirgi, saboda haka da an hau a nemi layinsu a shiga, domin wanda ya shagala da kallon ruwa sai an tsayar da shi a bakin sauka. Daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba 'yan Maroko mazauna Turai suna tururuwa gida da motocinsu, lokacin sai an kama wuri da wuri. Daga Tanja jirgin Al Boraq da aka buɗe a 2018 yana isa Kasablanka cikin awa biyu da minti goma. Agogon Maroko daidai yake da na Najeriya in ban da watan azumi, lokacin da ake mayar da shi baya da awa ɗaya, ita kuwa Sifaniya tana gaba da su da awa ɗaya a bazara, don haka ranar dawowa a duba da agogon wace ƙasa aka rubuta lokacin da ke kan kowane tikiti, a kuma bar kwana ɗaya cur tsakanin isowa Landan da ranar komawa aji ko bakin aiki.