Yadda ake tada injin Fijo 504 da ya kame

In tsohuwar Fijo 504 ɗinka irin haɗin Kaduna ta daɗe a ajiye har inji ya kame, don Allah kar ka murza makulli, kiki, wato na'urar da ke tada injin, zaka ƙona a banza. Kwance filogi huɗun nan ka zuba man gas, wato dizal, haɗe da man giya na otomatik a kowane rami ka barshi kamar sati, tsatsar da ta riƙe fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka cikin injin, ta jiƙa. Sai ka sa sifana a notin fulin gaba, wato faifan ƙasa a gaban injin da ke juya bel, kana juyawa gaba da baya a hankali, banda ƙarfi fa, zoben fistin saurin karyewa gareshi. Ya motsa? Juye baƙin mai, canja filta, buga kiki ba filogi ya tofar da sauran sannan ka mayar dasu. Hayaƙin farko kam sai maƙwabta sun leƙo.