Yadda ake gano abin da ya sa birkin mota ya yi laushi, da yadda ake gyara shi

Birkin da za ka taka feda ta zarce ƙasa babu ƙarfi, ko sai ka yi famfo sau biyu ko uku kafin ya kama, ba a lallaɓa shi a ce sai an kai gida. Amma kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su ɗauko sifana su hau cire iska tun ba su san ta ina ta shiga ba. Layin birki rufaffe ne. In iska ta shiga, akwai kafar da ta bi, kuma muddin ba a toshe ta ba, bayan kwana kaɗan birkin zai koma gidan jiya.

Ƙafarka ce za ta fara yi maka bincike. Kashe injin, taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, sannan ka danne ta da matsakaicin ƙarfi na rabin minti. In tana sulalewa ƙasa a hankali kuma babu yoyo a ko'ina, robobin cikin masta (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi) ne suka cinye, mai yana zagayewa ta gefensu. Wannan ko ka kwana kana cire iska ba zai gyaru ba, sai an sake masta. In kuwa famfo yana sa ta tauri, ka saki ka sake takawa ka ji laushi kamar soso, iska ce. Idan feda ta yi nisa amma can ƙasa ta tsaya daram, duba shu na baya (abin da ke goga cikin durom ya tsayar da taya) a motar da ke da durom, wato gangar birki: ja birkin hannu kaɗan ka taka, in ta ɗago, saiti kawai ake bukata. Kada a sa ka sayi busta, wato abin da ke bayan masta yana ƙara wa ƙafarka ƙarfi, saboda laushi. Busta in ya lalace tauri feda take yi.

Daga nan buɗe bonet ka duba gorar man birki. In ya sauka ƙasa da alamar MIN, ko fad (abin da ke matse faifan birki) ne suka cinye ko kuma akwai yoyo. Cire tayoyin ka duba bayan kowace: jiƙa a jikin kalifa (gidan da ke riƙe da fad), danshi a ƙasan durom, tsatsa a bututun ƙarfe. Ka shafa hannu inda masta ya haɗu da busta, domin yakan zubar da mai ta baya ba tare da ɗigo ya kai ƙasa ba. Sa wani ya taka birki kana kallon tiyon roba na kowace ƙafa. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Ɗaure layin da ke yoyo ko murƙushe shi da guduma, yadda ake yi a bakin hanya, ba gyara ba ne, mota ce aka bari da birkin ƙafa uku.

Maganar mai: zuba wanda aka rubuta a murfin gorar, yawanci DOT 3 ko DOT 4, daga rufaffen gwangwani. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da su. Man giya ko na injin yana kumbura robobi gaba ɗaya, ruwan sabulu kuwa tsatsa ce kake sayo wa kanka. Man birki yana tsotsar damshi, shi ya sa sabon DOT 4 ke kaiwa digiri 230 a ma'aunin Celsius kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155. Wannan ne ke sa birki ya ɓace a doguwar gangara, ya dawo bayan ya huce. In man ya yi baƙi ko ya haura shekara biyu, a sake shi duka. Lita ɗaya ta isa ƙaramar mota.

To, sai cire iskar, kuma a nan ne aiki yake lalacewa. Mutum biyu ake bukata, da siririn tiyo mai haske, da kwalba mai ɗan mai a ciki, da sifana mai zobe, galibi lamba 8 ko 10. Sa katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai har ƙasa: a tsohon masta, can ƙarshen ramin akwai datti da tsatsa da roba ba ta saba bi ba, tana hawa kai sai ta yage. Mutane da yawa sun je cire iska sun dawo da mataccen masta ta haka. Fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. A motar da sitiyari ke hagu, baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu, sai dai in littafin motar ya faɗi wani jeri. Na ciki ya taka sau uku a hankali ya riƙe. Kai ka ce "riƙe", ka kwance notin iska da ke jikin kalifa ko bayan durom kwatan juyi, mai da kumfa su bi tiyon da ka sa masa su fito cikin kwalbar, ka ɗaure, sannan ne kawai za ka ce "saki". In ya ɗaga ƙafa noti na buɗe, ya zuƙo iska ya mayar ciki, an koma farko. Famfo da sauri kuma yana farfasa iskar ta zama ƙananan kumfa masu wuyar fita. Bayan kowane zagaye huɗu ko biyar leƙa gorar ka ƙara mai. In ta ƙafe, masta ya sha iska, dole a sake cire iska a dukkan ƙafafun. Man da ya fito cikin kwalba ba a mayar da shi, kuma in ya zuba a fenti a wanke da ruwa nan take.

Idan an yi duk wannan laushin na nan, duba ko an musanya kalifan hagu da na dama, don notin iska dole ya kasance a sama. Girgiza taya ka ji ko boris, abin da taya ke juyawa a kansa, ya saki. Motar da ke da ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) kuma, in iska ta shiga cikin na'urar, sai an jona kwamfuta. Kafin ka hau titi, gwada birkin a fili da gudu kaɗan, ka sake leƙa kowane noti ko yana tsatsafo.