Yadda ake dasa icce a tsakar gida a Tawa har ya tsallake bazara

Duk ranar 3 ga Agusta ana dashen itatuwa a faɗin Nijar, amma zafin Afrilu ne ke nuna wanda aka dasa da gaske. Na ga dashe da yawa sun bushe kafin su shekara, abin yana yi mini ciwo.

Fara da zaɓe. In inuwa kake so, bedi ya fi, don yana jure ƙishi; da shi aka tare iska a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, tun 1975. Sai dai saiwarsa tana tsaga gini, don haka ka nisanta shi da katanga da masai kamar taku goma. In gidan ƙarami ne, lemun tsami ko zogale sun ishe ka. Mangwaro kuwa, sai mai rijiya ko famfo.

Wajen sayen dashe, kada tsawo ya ruɗe ka. Ɗaga ledar ka duba gindinta: in saiwa ta huda ta fito, dashen ya daɗe a ciki, bar shi.

Haƙa rami kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi, ka ware ƙasar sama gefe guda. Cuɗa ta da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana jawo gara. Barbaɗa toka kaɗan. Ka jira Yuli, ƙasa ta sha ruwa, ka dasa da la'asar. Yanka ledar da reza, kada ƙasar da ke riƙe da saiwa ta warwatse. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa, ka danna da ƙafa a hankali, ka yi masa ɗan gurbi da zai riƙe ruwa.

A ranar nan za ka kewaye shi da ƙaya ko tubali. Akuya ba ta jira sai gobe.

Aikin gaske yana farawa bayan ɗaukewar damina. Binne tulu marar fenti kusa da gindin, bakinsa a waje, ka riƙa cika shi kana rufewa. Ruwan zai riƙa tsatsowa zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba. Rufe gindin da kara ko busasshen ganye, amma kada ya taɓa jikin iccen, saboda gara. Ruwan alwala yana da kyau a gare shi, na wanki mai omo kuma a zubar da shi nesa. Daga Maris zuwa Mayu, duba tulun kowace safiya.