Ku leƙa allon sanarwar laburare kafin jarabawa

Salamu alaikum ƴan uwa ɗalibai na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, musamman ƙannenmu sabbin shiga. Shawarata ita ce kada ku jira labarin laburare ya zo muku ta bakin wani. Canjin lokacin buɗewa, sabunta katin mai karatu, sabbin littattafan da suka iso, duk ana iya manna su a allo ko a ƙofa, mutum ya wuce da sauri bai duba ba. Wanda ya ga sabuwar takarda ya ɗauke ta hoto yadda kwanan wata zai fito, ya turo nan. Azumi da lokacin jarabawa su ne aka fi bukatar wannan.

Sannan ku gaisa da malamin da ke kula da wurin, ku tambaye shi kwana nawa ake ba da aro da inda aka ajiye memuwar (kundin binciken kammala karatu) na yayyenmu. Mai tambaya ba ya ɓata. Tsohon memuwar ɗaya mai kyau zai nuna maka tsarin babi da yadda ake jera madogara fiye da dogon bayani.

Littafin da babu a kanta kuwa, a duba intanet. Persée da HAL, shafukan karanta ayyukan bincike, kyauta ne, da rubuce-rubuce da yawa na Faransanci, kuma a Persée akwai tsofaffin mujallun bincike kan Afirka, masu tarihin Damagaram za su amfana sosai. Ku sauke a waya tun da rezo, ku yi caji da safe, don zafin Afrilu ya kan zo da ɗauke wuta.